Butel ɗin gaz na kwance a lungu, Inna na sayen icce: ina gizo ke saƙa?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta hana ni barci jiya, na ce bari in kawo ta nan. Na je Bagalam, nan Maradi, gaida tsohuwa, sai na iske butel ɗin gaz da na saya mata bara a lungun ɗaki, an aza masa kwandon albasa. Ita ko tana tsakar gida bakin murhu, tana hura ɗanyen icce, idanu sun yi jajir. Na ce Inna ina gaz? Ta ce ya ƙare tun kafin Babbar Salla. Kullum sai ta aiki yaro ya sayo icce na dala arba'in, sefa 200 ke nan. Ni da aikina ke nan, nan take na buga mata: dala arba'in sau talatin, jika shida a wata. Cikon ƙaramin butel mai kilo 6, a farashin hukuma, sefa 1,800 ne. Ko sau biyu ta cika a wata ba ta kai jika huɗu ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Dala arba'in kullum ina da ita. Jika biyu kuwa ban taɓa ganin ta zaune wuri guda ba." Na rasa ta cewa. To jama'a, wannan rashin lissafi ne, ko sabo, ko me? Kuma masu kiran a bar icce a koma gaz, sun san da wannan amsar ta Inna kuwa?

Ɗan Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam Mushe. Laifinka ne. Ka ba tsohuwa doki ba ka ba ta harawa ba 😂

Malamin Lissafi:
Na karɓi laifina, da safen nan na kai aka cika. Amma ba Inna kaɗai ba ce. Ka leƙa gidajen unguwarku ka ƙirga butel nawa suka koma kujera.

Uwar Biyu:
Mushe, ku maza in kun zo maganar girki sai ku ɗauko alƙalami. Bari in gaya maka abin da lissafinka bai gani ba. Kuɗin icce cikin kuɗin cefane yake fita, a hannuna yake, ba na tambayar kowa. Kuɗin gaz kuwa sai na je na tsaya gaban maigida na ce butel ya ƙare, shi kuma ya ce "har ya ƙare?" kamar sha nake yi. Sau biyu aka yi mini wannan tambayar na haƙura. Na biyu, icce kana ganin abin da ya rage da idonka. Gaz ba ya sallama, tuwo na kan wuta zai mutu, ga baƙi zaune. Na uku, wa ke dafa wake ko tuwon mutum goma sha biyar a kan wannan ɗan murhun? Shayi da ɗumamen safe da indomin yara, to. Sannan akwai tsoro. Kishiyar yayata har gobe ba ta kwana ɗaki ɗaya da butel.

Ɗalibar Tattali:
Sannunku. Yaya, wallahi abin da kika rubuta ya fi rabin abin da muke karantawa. Akwai fanni guda da ke nazarin wannan, ilimin halayyar ɗan Adam a harkar kuɗi da saye. Asalinsa shi ne an daɗe ana tsara manufofi kamar kowa Mushe ne, yana yawo da lissafi a ka, in an rage farashi zai saya, in an ƙara zai bari. Sai masana irin su Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002, da Richard Thaler da ya samu a 2017, suka nuna cewa mutum yana da wasu karkata da ba sa canzawa. Na yau ya fi masa nauyi a kan na gobe. Zafin rasa jika ɗaya ya fi daɗin samun jika ɗaya. Inda aka aje shi nan yake zama, ko da ƙofa a buɗe. Kuma yana kallon maƙwabci kafin ya yanke shawara. Gwamnatin Ingila ta kafa ofis na musamman a 2010 don amfani da wannan ilimin, hukumar da ke kula da wuta da gaz ta can ma ta ɗauka. Dabarar ita ce ba ka hana mutum ba, ba ka ci shi tara ba, kawai ka gyara yadda zaɓin ke zuwa gabansa. Ɗan zunguri, kamar yadda ake taɓa jaki ya bi hanya.

Ɗan Kabu-kabu:
Wato mu ne jakan ke nan.

Ɗalibar Tattali:
Haba Yaya, har da mai zungurin. Shi ma wani ke zungurar shi.

Tsohon Ma'aikaci:
Ɗiyata, na karanta. Ni tun zamanin da anka riƙa yawo da murhun ƙarfe mai tattalin icce ana nuna ma mata a unguwanni nike ganin wanga aiki. A zo da mota, a yi taro, a raba, a ɗauki hoto. Bayan wata shida ka iske murhun kaji na ƙwai ciki. Kowane zamani da sunan da a ka ba abin. Da wayar da kai ne, yanzu kin ce zunguri. Talaka dai ba wawa ba ne. Babu ce ta yi mai yawa.

Ɗalibar Tattali:
Baba, ba zan musa maka ba, don akwai binciken da ya goyi bayanka. A Nairobi ta Kenya wasu masu bincike biyu, Susanna Berkouwer da Joshua Dean, sun yi gwaji da gidaje 1,000 masu girki da gawayi. Akwai wani murhu da ke rage cin gawayi da kashi 39 cikin ɗari, abin da ya kai dalar Amurka 120 a shekara, kuɗinsa kuma dalar Amurka 40. Amma da aka auna abin da mutane za su iya bayarwa, sai ya tsaya wajen 12. Sai suka raba mutanen. Wasu aka zaunar da su suka lissafa ribar da hannunsu, mako-mako, har da abin da za su yi da kuɗin, kamar dai yadda Mushe ya yi wa Inna. Bai canza komai ba. Wasu aka ba su damar biya kaɗan-kaɗan cikin wata uku. Nan take abin da suke iya bayarwa ya ninka. Ashe sun san ribar tun farko, dunƙulallen kuɗin ne babu.

Malamin Lissafi:
To ashe wa'azi na je na yi wa wadda ta fi ni sanin karatun.

Tsohon Ma'aikaci:
Yawwa. To mi ne ne amfanin ilimin naku in amsar ita ce a ba mutane bashi? Wanga ko Alhazan kasuwa sun sani.

Ɗalibar Tattali:
Amfaninsa Baba, an gwada an gani. Da ba a gwada ba, kuɗin da za a yi bashin da shi a rediyo da allunan bakin hanya zai ƙare, ana ta faɗa wa mata abin da suka riga suka sani. Ni a wurina babban abin da fannin ya kawo ba zungurin ba ne, ɗabi'ar gwaji ce: a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa waɗannan, a bar waɗancan, a dawo a auna.

Mai Ƙanƙara:
Ku bar maganar gaz ku zo ta kuran, nan ne ni abin ya taɓa ni. Firiza uku gare ni a Sabon Gari. Da, takardar wuta sai ƙarshen wata take zuwa, in na gan ta sai gabana ya faɗi, in biya in manta. Da na koma kontar mai kati, kwana uku na farko kamar mahaukaci, ina tsaye gabanta da tocila ina kallon lamba na sauka. Sai na riƙa kashe firiza ɗaya-ɗaya ina dubawa. Nan na gano tsohuwar da na sayo ta hannu, wadda nake yabo don ta yi arha, ita kaɗai tana cin kusan abin da sauran biyun ke ci. Robar bakin ƙofarta ta saki, injinta ba ya hutawa dare da rana. Shekara huɗu tana cina ban sani ba. Wanda ya sayar mini kuwa rantsuwa ya yi ta yi cewa daga Turai ta zo, ba ta shan wuta.

Mai Haɗa Wuta:
Alhaji ai duk haka suke cewa. Ni da ke shiga gidajen mutane kullum, abin da na lura: kowa ƙwan fitila yake zargi, don shi yake gani yana haske. Maigida zai yi ta faɗa a kashe ampul, alhali ga abin dafa ruwa a bokiti an tsoma tun asuba. Ku duba: tsohon ƙwai mai wat 60, awa shida kullum, kilowat 11 ne ba kaɗan a wata. Na zamani mai wat 9 bai kai kilowat 2 ba. Fankar sama wajen wat 70, in ta kwana tana juyi awa goma, kilowat 21 a wata. Dutsen guga wat 1,000 ne ko fiye. Wannan ƙarfen dafa ruwan shi ma haka, awa ɗaya nasa ya fi kwana goma sha biyar na ƙwan zamani guda. Amma ba ya haske ba ya ƙara, sai a ɗauka ba ya ci.

Malamin Lissafi:
Na duba lissafinka Injiniya, ya fita. Wat 9 sau awa shida, 54 a rana. Kilowat ɗaya ya kai kwana goma sha takwas.

Ɗalibar Tattali:
Abin da ya sami Alhaji an auna shi a Cape Town ta Afirka ta Kudu. Gidaje fiye da 4,000 aka mayar daga biyan ƙarshen wata zuwa kontar kati, shan wutarsu ya ragu da wajen kashi 14 cikin ɗari. Farashi bai canza ba, lokacin biya ne ya canza, kuma abin ya dawo gaban ido.

Uwar Biyu:
Ƙanwata tsaya. Wannan ragin, tattali ne ko duhu? Don ni na san daren da katinmu ya ƙare ƙarfe ɗaya, watan Afrilu, zafi kamar a gasa gurasa a ɗaki, jaririya na ta kuka, maigida ba ko dala a waya. Mun kwana tsakar gida muna fifita da murfin kwano. In an zo aunawa za a rubuta gidanmu ya yi tattali.

Ɗalibar Tattali:
Wannan tambayar ita ce ta fi kowace wuya Yaya. Lambar kontar ba ta bambance wanda ya kashe firizar banza da wanda ya kwana cikin zafi. Shi ya sa a wasu ƙasashe hukuma ke tilasta wa kamfani ya sa ɗan bashin gaggawa a cikin kontar, in kati ya ƙare da dare ta ci gaba, a cire in ka sake sawa. Wannan ma sanin hali ne, an san ba wanda ke tuna kati sai fanka ta tsaya. Amma doka ce ta sa shi, ba roƙo ba.

Baƙon Katsina:
Ina biye da ku daga nan ƙetaren Jibiya. Ku gode wa Allah masu mita. Mu nan wanda ba shi da ita ƙiyasi ake yi masa, ko ya kunna ko bai kunna ba kuɗin na nan. To mutumin da ya san haka, me zai sa ya kashe fanka in zai fita? Har alfahari ake yi, a bar komai a kunne don a ci kuɗin. An kuma raba mu aji-aji, a Afrilun 2024 'yan ajin farko da aka ce za su sami awa 20 a rana aka kai musu kilowat naira 225. Duk wata dabarar gyara hali sai an fara da awo na gaskiya. Ba a cewa mutum ya rage abin da ba a auna ba.

Mai Haɗa Wuta:
Mu ma muna da irin namu Malam, gidan haya. Ɗaki shida, kontar ɗaya. Ƙarshen wata a raba daidai, ko a ƙirga ƙwai. Mai ɗaki na uku yana da firigo da dutsen guga, tsohuwar ɗaki na shida ƙwai ɗaya da cajin waya, kuɗinsu ɗaya. Ga wani abin kuma da mutane ba su lura ba: farashin wuta hawa-hawa ne, kilowat na farko sun fi sauƙi don a taimaki mai ƙaramin ƙarfi. To in gida shida suka taru kan kontar ɗaya, sai ta gan su kamar wani babban Alhaji guda, su haye matakin tsada tun tsakiyar wata. Sauƙin da aka yi don talaka, mai gidan kansa ke cin shi.

Ɗan Kabu-kabu:
Wallahi gidanmu ka faɗa. Har dambe an yi kan dutsen guga.

Malamin Lissafi:
Ƙanwata, na taɓa jin wai a Amurka ana rubuta wa mutum a takardar wuta yadda maƙwabtansa ke sha. Gaskiya ne?

Ɗalibar Tattali:
Gaskiya ne Mushe. Wani kamfani mai suna Opower ne ya yaɗa shi. Takarda za ta zo ta ce ga abin da ka sha, ga abin da gidaje irin naka a kusa suka sha. Da aka auna a gidaje wajen 600,000, ragin ya tsaya kusan kashi 2 cikin ɗari. Kaɗan ne, amma takarda ba ta da tsada. Abin dariyar, a wani gwaji da aka buga a 2007 daga garin San Marcos na Kalifoniya, waɗanda aka gaya wa sun fi maƙwabta tattali sai suka ƙara sha, suka ga ashe suna cutar kansu. Sai da aka zana musu 'yar fuska mai murmushi a takardar sannan suka tsaya inda suke.

Uwar Biyu:
A Maradi? A kawo wa maigidana takarda a ce ya fi maƙwabta shan wuta? Sai ya manna ta a zaure.

Tsohon Ma'aikaci:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Can wurinsu yawan sha abin kunya ne, nan alamar Allah ya buɗa maka ce. Kuma wanda anka ce ya sha kaɗan, ya ji an tona mai asiri. Amma kar ku ce kallon maƙwabci ba ya aiki garinmu. Ni ganau ne a kan sassaben zamani. Farkon shekarun 1980 gonakin jihar nan fayau suke, manomi na ganin kututture ya tsiro sai ya sare, don gonar da ke da itace gonar raggo ce, dariya a ka yi mai. Nan Maradi anka fara cewa a bar tsiron, a rage rassa a bar masu ƙarfi. Waɗanda sunka fara sun sha gori. Da maƙwabta sunka ga icce na shiga gidan wane ba tare da matarshi ta tahi daji ba, ga hatsi bai ragu ba, kowa ya bi. Yau ana maganar hekta miliyan 5 a ƙasar nan. Ba takarda ta yi wanga ba, ido ne. Gona a fili take. Kontar ko tana cikin zaure.

Ɗalibar Tattali:
Baba ka ba ni abin rubutawa. Ma'ana ba a kwaso dabarar can a dasa nan yadda take.

Ɗan Kabu-kabu:
Ni ga tawa. Yulin 2024 da aka rage kuɗin esans aka ce lita 499. Me ya hana a ce 500? Wa ya taɓa ba ni canjin tamma ɗaya?

Malamin Lissafi:
Tsohuwar dabarar 'yan kanti ce, ido na fara karanta lambar hagu, sai ya ga ɗari huɗu da wani abu.

Ɗan Kabu-kabu:
To ai mu ba da wannan muke ƙirga ba Mushe. Mu dala ɗari muke cewa. 499 ko suna ba ta da shi a Hausa, sai dai ka ce dala ɗari ba tamma. Mai karanta Faransanci ne ya ga ragi biyu, ni ɗaya na gani. Kuma ni abin da ya canza mini hali ba lamba ba ce. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 kwalbar 'yan ruwa-ruwa ta daina arha, ba wanda ya yi mini wa'azi na koma gidan mai da ƙafata.

Ɗalibar Tattali:
Wannan ta dala ban taɓa tunaninta ba wallahi, kuma ta shafi takardar wuta. Ana rubuta ta da Faransanci, da kilowat, da sefa. Inna tana tunani da Hausa, da dala, da kwana. Sau uku ke nan sai an juya mata kafin ta san abin da aka ce. Da saƙon waya zai zo ya ce "wutar da ta rage miki ta kwana huɗu ce", ya fi mata duk lambobin nan.

Mai Ƙanƙara:
Duk na ji, amma ku bar ni in yi ta baƙin rai. Wutar Maradi daga Katsina take shigowa ta Gazawa. Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin bayan juyin mulki, har zuwa Maris ɗin 2024, wane zunguri ne ya hana ƙanƙarata narkewa? Na zubar da ruwa, na sayi gazuwal na zuba wa gurup har jarin ya kusa karyewa. Ana ta kai wa ke ta kaya. A kawo wuta tukuna, sannan a koya mini tattalinta. Tsorona da wannan ilimin naku, kar manya su same shi su ce matsalar halinmu ce, alhali matsalar turaku da wayoyi ce.

Ɗalibar Tattali:
Tsoronka na kan hanya Alhaji, kuma can ma an yi wannan gardamar. Misalin Ingila ya isa. Su kamfanonin wuta da yawa gare su, kana iya barin wannan ka koma wancan, amma binciken hukumar gasa na 2016 ya iske kusan kashi 70 cikin ɗari na masu hulɗa da manyan kamfanoni shida suna zaune kan farashi mai tsada, don kawai nan aka aje su. Hukumar Ofgem, mai kula da wuta da gaz ta can, ta yi ta gwada aika wa mutane wasiƙu. Wani gwaji da ya yi aiki sosai a 2018, da mutum 50,000, shi ne aka nemo musu farashi mai sauƙi, aka lissafa wa kowa abin da zai rage, aka ba shi lambar da zai kira a yi masa komai. Kashi 22 suka canza, waɗanda ba a aika wa ba ko kashi 3 ba su kai ba. Babbar nasara ce, amma ka ga kusan mutum takwas cikin goma ba su motsa ba. A Janairun 2019 sai da aka sa wa farashin rufi da doka. Zunguri ya yi iyakarsa, aka ɗauko sanda, kuma kamfanoni aka nuna wa ita, ba masu saye ba.

Tsohon Ma'aikaci:
Mu da kamfani guda gare mu, NIGELEC, ba inda za ka canza ka koma. To aikin na hukumar da ke sa ido ne, ARSE, wadda anka kafa a 2015, ita ke duba farashin wuta da na mai. Tambayata ga matasan zauren nan: mutum nawa cikinku ya san da ita, balle ya san yana iya kai mata kuka? Ban ce ba ta aiki ba. Na ce in hanyar kai kuka takarda ce da Faransanci, mai ƙanƙara ba ya rubutawa, sai ya zo nan ya huce a kanmu.

Mai Ƙanƙara:
Yau na fara jin sunan, Baba.

Mai Haɗa Wuta:
Maganar firizar Alhaji ma ta hukuma ce. Gana ta raba ƙwan fitila mai tattali miliyan 6 a 2007, ta sa dokar manna taurari a jikin firigo, mai tauraro da yawa ba ya ci, daga 2013 kuma ta hana shigo da tsofaffin firigo. Taurarin don wanda bai yi lakwal ba ma ya gane. Amma hanin shi ya yi babban aikin, don in rubabbiyar ba ta kasuwa ba sai ka yi dogon tunani ba.

Uwar Biyu:
In an hana ta hannu, sabuwa nawa take? Ni da ta hannun nake sayar da lamurje ina biyan kuɗin makarantar yara. A hana, amma a fara gaya mini inda zan sami ta biya kaɗan-kaɗan.

Mai Haɗa Wuta:
Nan kam ba ni da amsa Hajiya.

Mai Gaz:
Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba, don na san in an gama da kowa kaina za a dawo. E, akwai lokacin da kaya ke yankewa, mota ba ta zo daga Damagaram ba, wasu cikinmu su ɓoye su ƙara kuɗi. Ban wanke kowa ba. Kuma na lura duk wadda ta yi yawon neman gaz kwana uku ba ta samu ba, ko ya dawo ba ta dawowa da wuri. Ta koma wurin mai icce, shi ba ya cewa babu. Amma maganar tsohuwar Mushe ta tsaya mini. Ina da littafi a shago. In mace za ta riƙa aiko da dala ashirin kullum in rubuta, kwana goma sha takwas kuɗin ƙaramin butel ya cika. Ba ta tambayi maigida ba, ba ta nemi jika biyu wuri guda ba. Kamar adashi, sai dai kwasar gaz ce.

Uwar Biyu:
Alhaji, in kuɗina ya cika ka ce mota ba ta zo ba fa?

Mai Gaz:
Masu littafi su ne farko in kaya ya sauka. In ya wuce kwana uku babu, ki karɓi kuɗinki cif.

Uwar Biyu:
In farashi ya tashi tsakani?

Mai Gaz:
Farashin hukuma, ranar da kika fara zubi. A rubuta a saman shafi.

Tsohon Ma'aikaci:
A yi littafi biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin mai zubi. Ba don ban yarda da kai ba, ɗana. Kai ma mutum ne, kuɗin mutane a aljihu ranar da kaya sunka yi arha jarabawa ce.

Ɗalibar Tattali:
Alhaji don Allah in za ka fara kar ka zaɓi waɗanda ka sani da kanka, za ka ɗauki masu biya ne dama. A rubuta sunan duk matan da suka nuna sha'awa, a zuba a kwano, yaro ya ciro rabi. Su fara yanzu, sauran bayan wata uku. Ni zan riƙa zagayawa ina tambayar sau nawa kowace ta cika butel da nawa ta kashe a icce. Ko mata arba'in ne, mun ga wani abu.

Mai Gaz:
Waɗanda ba su fito a kwano ba za su ce na yi son kai.

Uwar Biyu:
A yi cirar gabansu, ranar Juma'a bayan la'asar, gidana akwai fili. Amma dala ashirin kullum ta yi wa wasu yawa ga kuɗin icce, don kafin butel ya zo ai sai an ci abinci. A bar mai dala goma ma ta shiga.

Malamin Lissafi:
Dala goma kwana 36 ke nan, butel ɗaya ba zai kai ta ba, za ta haɗa da icce.

Uwar Biyu:
To ta haɗa mana Mushe. Wake dama a icce za a dafa shi. Ka sa sunan Inna, kuma kai za ka riƙa ba yaron dala ashirin ɗin.